Rikicin Bishop Colenso: Rabuwa da Sulhu a Ikilisiyar Angilikan ta Natal

1.0 Gabatarwa

Galibin rabe-raben da suka auku a ikilisiyoyin Turai sun samo tushe ne daga gardamar malaman tauhidi ko kuma daga siyasar sarakuna. Wanda ya raba Ikilisiyar Angilikan ta ƙasar Natal a Afirka ta Kudu gida biyu, tun daga shekarar 1863, ya taso ne daga wurin aikin fassara, inda wani bishop Bature da mataimakinsa Bazule suke ƙoƙarin mayar da Littafin Farawa cikin harshen Zulu. Wannan maƙala za ta bi diddigin rikicin, ta kuma nuna cewa ko da yake a kan aƙida aka rabu, sulhun da ya biyo baya bai taɓa aƙidar ba ko kaɗan. Mutuwa da dokar mallakar kadara da tsawon zamani su ne suka ɗinke ɓarakar.

2.0 Colenso da Harshen Zulu

An haifi John William Colenso a yankin Cornwall na Ingila a shekarar 1814. Masanin lissafi ne da ya yi fice a Jami'ar Kambirij, kuma kafin a san shi a fagen addini littattafansa na koyar da lissafi sun riga sun cika makarantun Ingila. A 1853 aka naɗa shi bishop na farko na Natal, ƙarƙashin Bishop Robert Gray na Cape Town. Ya kai ziyarar mako goma a 1854, sannan ya tare da iyalinsa a 1855, ya kafa tashar mishan kusa da Pietermaritzburg wadda aka sa wa suna Ekukhanyeni, wato wurin haske. Zulawa suka yi masa laƙabi da Sobantu, ma'ana uban jama'a.

Aikinsa a kan harshe ba ƙarami ba ne. Ya wallafa nahawun Zulu, ya fitar da ƙamus na Zulu da Ingilishi a 1861, ya fassara Sabon Alkawari da wasu sassa na Tsohon Alkawari, kuma a maɗaba'ar tasharsa ake buga yawancinsu. Ɗaya daga cikin ɗaliban da suka koyi aikin ɗab'i a wurin, Magema Fuze, shi ne ya wallafa Abantu Abamnyama a 1922, littafin da ake ɗauka a matsayin na farko mai girma da Bazule ya rubuta cikin harshensa. A cikin tawagar da ta raka Colenso a 1855 har da matashin Bajamushe Wilhelm Bleek, wanda daga baya ya sa wa rukunin harsunan Bantu wannan suna. Shekara guda kafin nan Bleek ya shiga ayarin Baikie mai binciken kogin Kwara da Binuwai, rashin lafiya ta mayar da shi Ingila tun bai shiga kogin ba.

Saɓanin farko da ya shiga tsakanin Colenso da sauran 'yan mishan a kan kalma ɗaya ce. 'Yan mishan ɗin Amurka da suka riga shi zuwa suna kiran Ubangiji da uThixo, kalmar da aka aro daga Xhosa. Shi kuwa ya lura cewa Zulawa suna da nasu sunayen na Mahalicci, uNkulunkulu da uMvelinqangi, ya kuma ga babu dalilin kawo musu baƙon suna. Masu adawa da shi suka ce uNkulunkulu kakan farko ne kawai a al'adar Zulu, don haka amfani da sunan zai gauraya bishara da bautar kakanni. Wannan matsala ce da duk mai fassarar littafin addini a Afirka ya sani. Masu fassarar Yarabanci sun ɗauki Ọlọrun, waɗanda suka kammala Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 kuma suka ɗauki Allah. Sai dai abin lura a nan shi ne zaɓen kalmar yana ɗauke da hukunci na aƙida. Wanda ya yarda da uNkulunkulu ya yarda ke nan cewa Zulawa sun san wani abu game da Mahalicci tun kafin jirgin ɗan mishan ya iso gaɓarsu. A yau uNkulunkulu ce kalmar da Kiristocin Zulu suke amfani da ita.

Saɓani na biyu shi ne na auren mace fiye da ɗaya. Tun 1855 Colenso ya bayyana cewa zalunci ne a tilasta wa magidanci ya saki matan da ya aura bisa al'ada kafin a yi masa baftisma, domin hakan na jefa mata da 'ya'ya cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ƙungiyar C.M.S. ƙarƙashin Henry Venn ta ƙi wannan ra'ayi, haka nan Samuel Ajayi Crowther a yammacin Afirka.

3.0 Littattafai Biyu

A 1861 Colenso ya fitar da sharhi a kan Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, wanda ya ce ya rubuta ne ta fuskar ɗan mishan. A ciki ya nuna cewa fansar Almasihu ta riga ta game dukkan 'yan Adam, waɗanda suka ji labarinta da waɗanda ba su ji ba, kuma aikin mai wa'azi shi ne ya sanar da mutane alherin da ya riga ya zama nasu. Ya ƙi fahimtar da ke cewa an hukunta Almasihu ne a madadin masu zunubi domin a huce fushin Allah, ya kuma janye daga koyarwar azaba ta har abada. Ba shi da wuya a ga inda wannan ya fito. Mutumin da yake zaune kullum da Zulawa dole ya amsa tambayarsu game da makomar iyayensu da suka mutu ba su taɓa ganin coci ba.

Littafi na biyu shi ne ya girgiza Ingila. Colenso da kansa ya ba da labarin cewa suna cikin fassarar ƙissar ruwan Ɗufana sai mataimakinsa, William Ngidi, ya tambaye shi ko ya gaskata da gaske cewa dukkan dabbobi da tsuntsaye da masu jan ciki, daga ƙasashe masu zafi da masu sanyi, sun shiga jirgin Nuhu bibbiyu, kuma Nuhu ya tara abincin da ya ishe su duka. Bishop ɗin ya karanci ilimin duwatsu da ƙasa na zamaninsa, ya san masanan fannin ba su yarda an yi ambaliyar da ta rufe duniya baki ɗaya ba, saboda haka ya kasa cewa i. Haka kuma da suka iso dokar da ke cikin Littafin Fitowa game da ubangidan da ya doki bawansa har ya mutu bayan kwana ɗaya ko biyu ba tare da an hukunta shi ba, mataimakin ya nuna ƙyamar a ce Uban kowa ne ya faɗi haka.

Daga nan sai malamin lissafi ya koma ga sana'arsa. Kashi na farko na nazarinsa a kan littattafan Musa biyar da Littafin Joshuwa ya fito a 1862, kuma kusan dukkansa ƙidaya ce. Littafin Ƙidaya ya ce mayaƙan Isra'ila 603,550 ne, abin da ke nuna jama'a wajen miliyan biyu in an haɗa da mata da yara. To, in an ce dukkan taron ya hallara a ƙofar alfarwa ta sujada, alhali farfajiyarta kamu 100 ce a tsaye da kamu 50 a faɗi, ina za su tsaya? A lissafinsa farfajiyar ba za ta ɗauki fiye da mutum 5,000 ba. Firistoci kuma uku ne rak, Haruna da 'ya'yansa biyu da suka rage. Ta yaya za su miƙa hadayar tsarkakewa ta ɗaruruwan matan da za su haihu kowace rana a cikin jama'a mai wannan yawa, balle sauran hadayu? Ya yi irin wannan tambaya game da tumakin Idin Ƙetarewa da makiyayar da za ta ɗauke su a hamada. Abin da ya yanke shi ne cewa waɗannan littattafai ba tarihi ba ne ta ma'anar da aka saba ɗauka, kuma ba Musa ne ya rubuta su yadda suke ba, ko da yake ya nace cewa Maganar Allah tana cikinsu. Aikin ya kai kashi bakwai kafin ya kammala a 1879.

Gaskiya ne hanyar tasa ta yi tsauri, domin ya auna nassin da ma'aunin da marubutansa ba su nufa ba, kuma Matthew Arnold bai rasa abin yi masa ba'a ba a 1863. Amma malamai irin su Abraham Kuenen na Holan sun ɗauki aikin da muhimmanci, saboda ya nuna cewa sassan da suka fi yawan alƙaluma da kamannin rahoto su ne suka fi nisa da abin da zai yiwu. A jaridun Ingila kuwa abin dariya aka mayar da shi: bishop ya tafi ya shiryar da Bazule, Bazule ya juyar da shi. Ƙarƙashin wannan ba'a akwai ƙin yarda cewa tambayar baƙar fata za ta iya zama tambayar ilimi.

4.0 Shari'a

A farkon 1863 kusan dukkan bishop-bishop na Ingila suka rubuta masa suna neman ya yi murabus, ya ƙi. Tsohon amininsa F. D. Maurice ya juya masa baya. A watan Nuwamba na shekarar Gray ya kafa kotun ikilisiya a Cape Town, bishop biyu suna taya shi zama, aka karanta tuhuma tara a kan littattafan biyu. Colenso yana Landan, bai halarta ba. Bleek ne ya tsaya a madadinsa ya miƙa takardar da ke cewa kotun ba ta da hurumi. Ranar 16 ga Disamba, 1863 aka yanke hukuncin tuɓe shi, aka ba shi wata huɗu ya janye kalamansa.

Maimakon haka sai ya kai ƙara gaban Kwamitin Shari'a na Majalisar Mashawartan Sarauniya, wato kotun ƙoli ta ƙasashen da Ingila ke mulka, wadda ita ce ma kotun ƙarshe ga Nijeriya har zuwa 1963. Ranar 20 ga Maris, 1865 kwamitin ya soke hukuncin Gray. Hujjarsa ba ta shafi Nuhu ko Bulus ba. Cewa ya yi a lokacin da Sarauniya ta ba Gray sabuwar takardar naɗi a 1853, ƙasar Cape ta riga ta sami majalisar dokoki tata, don haka sarauta ba ta da ikon kafa kotun addini mai tilastawa a can. Colenso ya ci shari'a ke nan ba tare da an ce koyarwarsa daidai ce ba, Gray kuma ya faɗi ba tare da an ce tuhumarsa ƙarya ce ba. Wannan giɓi shi ne ya haifi rabuwar.

Da Colenso ya koma Natal a watan Nuwamba 1865, shugaban limaman babbar majami'ar St Peter, James Green, ya kulle ƙofofi, sai da umarnin kotu aka buɗe. An ɗauki lokaci ɓangarorin biyu suna yin sujada a gini ɗaya a sa'o'i daban-daban. A watan Janairu 1866 aka shelanta cewa Gray ya yanke Colenso daga zumuncin ikilisiya. Ƙungiyoyin mishan na Ingila suka janye masa tallafi, amma a ƙarshen wannan shekara wata kotu a Landan ta tilasta wa asusun da ke biyan bishop-bishop na ƙasashen mallaka ya ci gaba da biyansa albashi, kotun Natal kuma ta tabbatar masa da majami'ar da sauran kadarori. Green da mabiyansa suka fita suka gina tasu majami'a, St Saviour, a cikin gari ɗaya.

5.0 Taron Lambeth da Sabon Lardi

Hukuncin 1865 ya tayar da hankalin Angilikawa a wajen Ingila, domin ya nuna cewa ikon da suke zaton bishop-bishop ɗinsu suna da shi ba shi da gindi a doka. Majalisar ikilisiyar Kanada ce ta roƙi Babban Bishop na Kantabari, Charles Longley, ya kira taron dukkan bishop-bishop. Taron ya zauna a fadar Lambeth a watan Satumba 1867, mutum 76 suka halarta daga cikin 144 da aka gayyata. Babban Bishop na York ya ƙi zuwa, shugaban majami'ar Westminster, Arthur Stanley, wanda yake tausaya wa Colenso, ya hana a yi sujadar rufe taro a majami'arsa. Don ya shawo kan masu ɗari-ɗari, Longley ya yi alkawari tun farko cewa taron ba zai kafa doka ko ya yanke hukunci a kan aƙida ba, ba a kuma sa batun Natal cikin ajanda ba. Gray ya matsa har aka tattauna shi, fiye da bishop 50 suka sa hannu a wata takarda ta daban suna amincewa da hukuncinsa, amma taron a matsayinsa na taro bai tuɓe kowa ba.

Wannan alkawari na Longley ya zama gadon da ɗarikar take ɗauke da shi har yanzu: tana da wurin shawara, ba ta da kotun da hukuncinta ya hau kan kowa. Shi ya sa a lokacin da wata gardamar ta taso a kan luwaɗi, bayan ƙudurin taron 1998 da naɗin Gene Robinson a Amurka a 2003, babu wanda zai raba gardama, har bishop-bishop na Nijeriya da Yuganda da Ruwanda suka ƙaurace wa tarukan 2008 da 2022.

Gray bai sami wanda zai naɗa masa sabon bishop a Ingila ba, saboda tsoron doka. Ranar 25 ga Janairu, 1869 ya naɗa William Macrorie a Cape Town, da laƙabin Bishop na Maritzburg, tun da laƙabin Natal yana hannun Colenso. A 1870 aka kafa Ikilisiyar Lardin Afirka ta Kudu da tsarin mulkinta, wanda a ciki aka sa sharaɗin cewa a kan al'amuran bangaskiya ba za ta ɗauru da hukuncin kotunan Ingila ba. A 1882 Kwamitin Shari'a ya ce wannan sharaɗi ya raba ta da Ikilisiyar Ingila ta fuskar doka. Sai aka wayi gari wanda aka kora a kan bidi'a shi ne yake riƙe da sunan uwar ikilisiya da dukiyarta, waɗanda suka kore shi kuma doka tana kallonsu a matsayin wata ƙungiya dabam.

6.0 Yadda Aka Sasanta

Gray ya rasu a 1872. Turawan Natal da yawa sun goyi bayan Colenso a farko, ba don sun karanta littattafansa ba, sai don ba sa son Cape Town ta mallake su. Wannan goyon baya ya zube a 1874, sa'ad da ya tsaya wa Langalibalele, sarkin Hlubi, ya tona rashin adalcin shari'ar da aka yi masa, abin da ya raba shi da babban amininsa Theophilus Shepstone. Ya kuma la'anci mamayar ƙasar Zulu a 1879, ya yi ta fafutukar kare Sarki Cetshwayo. Ya rasu ranar 20 ga Yuni, 1883, yana da 'yan mabiya kaɗan cikin Turawa.

Majalisar mabiyansa ta zaɓi George Cox, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya gaje shi, amma Babban Bishop Benson na Kantabari ya ƙi naɗa shi. Ikilisiyar da ta ginu a kan bishop ba ta daɗewa ba bishop, domin ba mai naɗa limamai, ba mai tabbatar da yara. Ɗaya ɓangaren kuma yana da bishop amma ba shi da gine-gine da filaye. Macrorie ya gane cewa kasancewarsa ita kanta cikas ce, ya ajiye aiki a farkon shekarun 1890, ɓangarorin biyu suka bar wa Benson zaɓi. Ya zaɓi limaminsa na kusa, Arthur Hamilton Baynes, aka naɗa shi a Ingila a 1893, yadda kowane ɓangare zai iya cewa nasa ne. Majami'un Colenso suka riƙa miƙa wuya ɗaya bayan ɗaya a zamaninsa da na magajinsa. A 1910, ana dab da haɗe ƙasashen Afirka ta Kudu, majalisar dokokin Natal ta zartar da dokar da ta mayar da kadarorin ga Ikilisiyar Lardi. 'Yarsa Harriette, wadda ta gaji gwagwarmayarsa ta kare gidan sarautar Zulu, ta yi iya ƙoƙarinta ta hana, ba ta yi nasara ba. Ita da ƙanwarta Agnes suka bar gidan mahaifinsu, dukansu biyu suka rasu a 1932.

A duk matakan nan ba a nemi kowa ya ce Musa ne ya rubuta Attaura ko ba shi ba ne. Dalili kuwa shi ne ƙasa ta riga ta motsa a ƙarƙashin gardamar. Tun 1889, shekara shida kacal bayan rasuwar Colenso, Charles Gore da abokansa, waɗanda suka fito daga ɓangaren da Gray yake, suka wallafa Lux Mundi suna karɓar sabon nazarin Tsohon Alkawari, kuma Gore ya zama bishop daga baya. Batun aure ne ya fi jinkiri. Taron Lambeth na 1888 ya hana baftisma ga mai mace fiye da ɗaya, sai a 1988 aka yarda a yi masa tare da matansa da 'ya'yansa masu bi, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba kuma jama'ar wurin sun amince.

Ba kowa ne ya shiga sulhun ba. Wasu majami'u, yawancinsu a Cape, tare da wasu ikilisiyoyin Zulu da suke danganta kansu da Sobantu, sun ƙi Ikilisiyar Lardi, suka tsara kansu a 1938 da sunan Ikilisiyar Ingila a Afirka ta Kudu, da taimakon dayosis ɗin Sydney na Ostireliya. Wannan ƙungiya, wadda ta koma amfani da sunan REACH-SA a 2013, tana riƙe da nassi da irin tsananin da Colenso ya rubuta kashi bakwai yana suka. Hujjarsa ta doka ta gada, ba aƙidarsa ba.

A Pietermaritzburg kuwa majami'un biyu sun ci gaba da zama daban-daban ƙarƙashin bishop ɗaya har zuwa 1976, lokacin da jama'arsu suka haɗe. Aka kwance ginin St Saviour aka sake tayar da shi a Randjesfontein, tsakanin Johannesburg da Pretoria, aka gina sabuwar babbar majami'a ta Haihuwa Mai Tsarki, wadda aka buɗe a 1981, a gefen tsohuwar St Peter. A cikin St Peter ɗin, gaban bagade, kabarin Colenso yake, kuma wata unguwar baƙar fata a garin tana amsa sunan Sobantu.